Lensi mai gusawa a kan adafta: inda ribar take da inda asarar ke ɓuya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban dogon gini ya ɗaga bakin kyamara sama domin ƙololuwar ta shiga, ya san abin da ke biyo baya. Bangon dama da na hagu sai su riƙa matsowa juna suna hawa, ginin ya fito kamar zai kife ta baya. Lensi ba shi da laifi a nan. Matuƙar fuskar sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta kishingiɗa alhali bango yana tsaye, dole layukan tsaye su tsuke a sama. Ido ma haka yake gani, ƙwaƙwalwa ce ke rufa masa asiri. Hoto kuwa ba shi da mai rufa masa asiri, kuma mai zanen gini da ya biya a ɗauko masa aikinsa, wannan karkatar zai fara gani kafin komai.

Maganin daɗaɗɗe ne, tun zamanin manyan kyamarorin katako masu jakar fata a tsakiya: a bar kyamara a miƙe ƙyam, a gusar da lensin sama. Nikon ce ta shigo da dabarar cikin ƙananan kyamarori da PC-Nikkor 35mm f/3.5 a farkon shekarun 1960, Canon kuma ta biyo baya a 1973 da TS 35mm f/2.8, wanda ya haɗa gusawa da karkatawa. Karkatawa aikinta daban ne, ta shafi inda kaifin hoto zai kwanta, kuma mai ɗaukar gini da lensi mai faɗi ba kasafai yake taɓa ta ba. Gusawar ce jarinsa.

Kowane lensi hoto mai da'ira yake jefawa a bayansa, sensa kuma ta yanki nata rabon mai kusurwa huɗu daga tsakiya. Kamar hasken tocila ne a jikin bango da 'yar takarda a cikinsa: in hasken ya fi takardar girma sosai, kana iya motsa tocilar sama ko ƙasa ba tare da takardar ta faɗa duhu ba. Sensar da ake kira ful-firem tana da milimita 36 a kwance, 24 a tsaye, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma 43 da 'yan kai. Lensi na yau da kullum iya nan da'irarsa ta tsaya. Amma TS-E 17mm f/4L da TS-E 24mm f/3.5L II, waɗanda Canon ta fitar a 2009, da'irarsu milimita 67.2 ce. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba: 43.2 ne aka ƙara masa 12 ta nan, 12 ta can. Gusawar milimita 12 da aka rubuta a jikinsu ita ce rarar da'irar, ba wani sihiri ba. Wanda ya riƙe wannan lissafi na da'ira a cire sensa, duk wata magana da za ta zo ta adafta, wato zoben da ke haɗa lensi da kyamarar da ba don ita aka ƙera shi ba, ba za ta ruɗa shi ba.

To, me milimita 12 ke sayo maka a fili? A ce ka tsaya mita 20 daga gini da lensi mai 24mm, kyamara a kwance kuma ba a ɗaga bakinta sama ba. Ba tare da gusawa ba, hoton zai kama mita 10 sama da tsayin kyamara, da wasu mita 10 a ƙasa waɗanda galibi titi ne da daɓe. Ka gusa milimita 12 sama, sai ya kama mita 20, ninki biyu ke nan. In ka juya kyamarar tsaye, daga mita 15 zuwa 25. Da 17mm a tsaye, an gusa har ƙarshe, ana kaiwa kusan mita 35 daga wuri ɗaya. Sai dai akwai abin da takardar talla ba ta faɗa. Idan kyamara tana kwance, milimita 12 daidai yake da rabin tsayin sensa, saboda haka layin da ke daidai da idon kyamara sai ya sauko har gefen hoto na ƙasa. Ƙasa ta fita gaba ɗaya, gindin ginin ma ya fita, an bar shi yana lilo ba tushe. Shi ya sa a aikin gaske milimita 5 zuwa 8 aka fi zama a kai, cikakkiyar gusawa ta ranar larura ce.

Ina adafta ta shigo? Kyamarori marasa madubi sun zo da sabbin bakuna, wato wurin ɗaura lensi, alhali fitattun lensunan gusawa an ƙera su ne don tsofaffin bakunan kyamarori masu madubi. Abin da ya sa haɗin yake yiwuwa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa. A Canon EF milimita 44 ce, a Nikon F 46.5. A Sony E kuwa 18 ce, Canon RF 20, Nikon Z 16, Fujifilm G 26.7. Lensin EF da za a ɗora wa Sony yana bukatar zoben da zai cike milimita 26 da suka ɓace, kuma wannan zobe shi ne adafta. Akasin haka ba ya yiwuwa, don ba a iya tura lensi cikin kyamara fiye da inda bakinta ya tsaya.

A nan ne mutane da yawa ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai adafta da aikinta kawai ta riƙe lensin da tun asali mai gusawa ne. Akwai kuma adaftar da ita kanta ce ke gusawa, irin waɗanda Kipon da Fotodiox da Mirex ke ƙerawa, wadda ake ɗora mata lensi na yau da kullum. Ta biyun ba ta ƙara wa da'ira ko da milimita ɗaya. Rance take ci daga lensin da aka yi wa babbar sensa ko babban fim, a ɗora shi a kan ƙaramar sensa.

Misali, babban fim ɗin da ake kira 645 yana da milimita 56 da 41.5, kusurwa zuwa kusurwa kusan 70. Tsohon lensin Pentax 645 ko Mamiya 645 a kan ful-firem yana da rara mai yawa, kuma tazarar bakinsu mai tsawo ce, 70.87 a Pentax, 63.3 a Mamiya, don haka akwai wurin saka ƙarfen gusawa. Dabara ce mai kyau, kuma tana fitar da hotuna masu kyau ƙwarai. Matsalarta ɗaya: abin da yake mai faɗi a babban fim ba mai faɗi ba ne a ƙaramar sensa. Lensin 35mm na cikin mafi faɗi da aka saba samu a tsarin 645 na zamanin fim, amma a kan ful-firem 35mm ne kawai, ba ƙari. Zai yi maka fuskar gini daga ƙetaren babban fili, zai yi maka ƙofa da baranda da adon bango. Ɗakin taro ko siririn lungu tsakanin benaye biyu kuwa, ba zai shiga ba. A ganina wannan hanya ta cike gurbin 35mm zuwa sama ce, wanda ya saye ta da fatan maye gurbin 17mm ya sayi abin da ba shi yake nema ba.

Haka lissafin yake in aka sauko mataki ɗaya. Lensin ful-firem a kan sensar APS-C, mai kimanin milimita 23.5 da 15.6, yana ba da gusawar kusan milimita 10 sama idan kyamara tana kwance. Amma faɗin ya ragu da ninki ɗaya da rabi, sai lensin 16mm ya koma gani irin na 24mm. Laowa ta bi ta wata hanya da abin da ta kira Magic Shift Converter: adafta ce mai gilasai a ciki da ke faɗaɗa da'ira da ninki 1.4, ta mayar da lensinta na 12mm f/2.8 ya zama 17mm f/4 mai gusawar milimita 10. Haske ya ragu da rabi, gilashi ya ƙaru a kan hanyar haske, amma da'irar ta girma da gaske.

Akwai kuma masu yin akasin haka, su ɗora TS-E a kan kyamarar Fujifilm GFX, mai sensar milimita 43.8 da 32.9. Hoton yana ƙara faɗi, 24mm ya koma gani irin na kusan 19mm, amma rara ta ragu. Da da'irar 67.2, lissafi yana ba da kimanin milimita 9 ta gajeren gefen sensa, 7 da 'yan kai ta dogon gefe. Maɓallin zai ci gaba da juyawa har 12, duhu ne kawai zai tare ka a kusurwa. Fujifilm ta fitar da nata GF 30mm f/5.6 T/S a 2023 mai gusawar milimita 15, wanda tun farko don wannan sensa aka yi shi.

Mu koma kan adafta ta farko, wadda ake ɗauka zobe ne kawai ba ruwansa da hoto. Nan ne asarar ta fi ɓuya.

Abu na farko ƙofar haske. Lensunan Canon EF ba su da zoben buɗe ƙofar haske a jikinsu, kyamara ce ke ba su umarni ta lantarki. Ka ɗora TS-E a kan adaftar da ba ta da wayoyi, sai ya tsaya a buɗe, ga shi aikin gini a f/8 ko f/11, wato da ƙofar a tsuke, ake yinsa. Dole ke nan a nemi mai lantarki, irin EF-EOS R ta Canon, ko Sigma MC-11, ko Metabones, ko Fringer. Lensunan Nikon na PC-E 24mm na 2008 da PC 19mm na 2016 su ma da lantarki ƙofar haskensu ke aiki, a kan Nikon Z adaftar FTZ ke ɗaukarsu. Laowa 15mm f/4.5 mai gusawar milimita 11 da Samyang 24mm f/3.5 ba su da wannan damuwa, komai nasu da hannu ne.

Abu na biyu, wanda ya fi cancanta a daɗe a kansa, kaurin adafta ne. Lensi mai faɗi ɗan motsi kaɗan yake yi ya sauya fokas. Ƙa'idar ita ce a ninka tsawon lensi, wato adadin mm da ke cikin sunansa, da kansa, a raba da nisan abin da ake ɗauka. A 17mm, 17 sau 17 ya ba da 289, a raba da milimita 3,000, a samu kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Wato tsakanin fokas a kan tsauni mai nisa da fokas a kan bango mai mita 3, bambancin bai wuce kaurin takarda ɗaya ba. Yanzu a ce adaftarka ta fi ƙa'ida kauri da wannan ɗan abin: lensinka ba zai ƙara kama abu mai nisa da kaifi ba. Masu ƙera adafta sun san haka, shi ya sa da yawansu ke rage kaurin da gangan domin kada a yi ƙorafin nesa. Mutum ya juya zoben fokas, tsakiyar hoto ta yi kaifi, ya ce ai lafiya lau.

Ba lafiya lau ba ne. Yawancin lensuna masu faɗi na zamani ba duka gilasansu ke tafiya tare ba, wani rukuni na ciki yana motsi daban domin gyara hoto gwargwadon nisa. Idan adafta ta gaza, za ka juya zoben zuwa mita 2 ko 3 kafin ginin da ke mita 30 ya yi kaifi. Lensin ya shirya gilasansa don abu na kusa, kai kuma na nesa kake ɗauka. Tsakiya ba ta nuna komai, gefe ne ke shan wahala. Gefen nan kuwa shi ne dalilin sayen lensi mai gusawa, domin da ka gusa milimita 10, saman gininka a bakin da'ira yake zaune. Sau da yawa lensin da ake zargi da laushin kusurwa, adaftarsa ce mai laifi. Gwajin ba wuya: ka saita fokas a kan abu mai nisa sosai, ka dubi inda alamar zoben ta tsaya. In ta yi nesa da alamar nisa marar iyaka (∞), adaftar ta gaza, kuma masu haƙuri suna kwance bakinta su saka siririn ƙarfe a ƙarƙashi har ta cika.

Mafi muni shi ne adaftar da gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Wannan karkatawa ce da ba ka nema ba: dama kaifi, hagu dishi-dishi, kuma babu juyin fokas da zai daidaita su. Nauyi ma yana jawo irin haka. TS-E 17mm ya haura gram 800, ga gilashin gabansa a kumbure, in bakin adafta yana da ɗan sako-sako sai lensin ya sunkuya. Haɗi ɗaya ya zama biyu, kowanne da nasa ɗan kuskuren. Don gane wannan, a ɗauki bango mai faɗi a miƙe, sannan a juya kyamara ƙasa a sama a sake ɗauka. In laushin ya bi gefe ɗaya na kyamarar, ba bangon ba ne.

Sai cikin adaftar. Lensi mai gusawa yana zuba haske fiye da abin da sensa ke ɗauka, rarar tana bugun bangon adafta. Idan bangon yana sheƙi, hasken zai dawo ya wanke hoton, musamman a ɗaki mai tagogi masu haske. Cikin adaftar kirki baƙi ne marar sheƙi, mai ƙananan tsagi ko ƙyalle mai shan haske. Wasu kuma suna da katanga mai kusurwa huɗu a ciki, wadda aka auna don lensin da ke zaune a tsakiya. Ka gusa, katangar ta yanke haske, gefe ɗaya ya yi duhu mai kaifin baki tun da'ira ba ta ƙare ba. Duhun da'ira a hankali yake shigowa kuma daga kusurwa, na katanga kuwa a miƙe yake kamar an ja layi.

Kada a ce adafta duk asara ce. A kyamara mai madubi, na'urar auna haske tana ruɗewa da zarar an gusa lensi, sai an auna kafin a gusa. Marar madubi daga sensa take aunawa, abin da ka gani shi za ka samu, kuma kana iya faɗaɗa kusurwar sama a allo ka duba kaifinta kafin ka danna. Tsawon adaftar yana nisanta maɓallan gusawa daga jikin kyamara, yatsu su samu wuri. Canon ma tana da adaftar EF-EOS R mai aljihun filta a ciki, wadda ta warware tsohuwar matsalar TS-E 17mm, lensin da kumburin gabansa ya hana a ɗaura masa filta ta gaba yadda aka saba.

Wani amfani da ake yi da gusawa shi ne ɗinke hotuna. A ɗauki ɗaya an gusa hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya dama, a haɗa. Sensar milimita 36 ta zama kamar ta 60, lensin 17mm ya ba da faɗin kusan 10mm. Amma a lura da wane ne ke motsi. Idan kyamara ce a ɗaure a kan mai ƙafa uku, lensin ne ke tafiya milimita 24 daga wannan gefe zuwa wancan, wato idon da ke kallo ya sauya wuri. Ginin nesa ba zai damu ba, amma kujera ko ginshiƙi na kusa ba za su haɗu da abin da ke bayansu ba. Daidai shi ne a ɗaure lensin, kyamara ta riƙa zamewa a bayansa. Ƙafar da ke jikin adafta ta yau da kullum ba ta yin wannan aiki, domin tana bayan wurin gusawa, tare take da kyamara. Sai an samu firam mai kama gaban lensin, irin na Rogeti, ko adafta mai gusawa wadda ƙafarta ke ɓangaren lensi. Wannan ɗaya ne daga wuraren da adafta mai gusawa ta fi.

Bayan ɗauka ma akwai saura. Manhajojin gyaran hoto suna gyara lanƙwasar lensi da duhun kusurwa bisa zaton cewa tsakiyar lensi tana tsakiyar hoto. Da ka gusa, zaton ya rushe, kuma yawancin waɗannan haɗe-haɗe ba sa rubuta milimita nawa aka gusa a cikin bayanan hoto. TS-E 24mm na biyu da 17mm lanƙwasarsu kaɗan ce, ana iya ƙyale ta. Tsohon lensin 645 mai faɗi kuwa yakan lanƙwasa layi, kuma bayan gusawa lanƙwasar ba ta zama iri ɗaya sama da ƙasa ba. Mafita ita ce a rubuta adadin gusawar, a faɗaɗa filin hoton a manhaja har tsakiyar lensi ta dawo tsakiya, a gyara, a sake yankewa. Duhun gefe da sauyin launi kuma, ana ɗaukar hoto na biyu ta cikin farin filastik mai watsa haske, ba tare da an taɓa gusawa ko ƙofar haske ba, Capture One ko Lightroom su cire lahanin da shi.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, tunda manhaja tana miƙar da gini da dannawa ɗaya? Tambayar tana da hujja. Idan karkatar kaɗan ce kuma hoton intanet za shi, manhaja ta isa. Amma miƙarwar jan saman hoto ce da yanke gefuna, kuma ba ka ganin ainihin tsarin hotonka sai ka koma gida, lokacin da za ka tarar kusurwar rufin da kake so ta fita. Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta: a ɗauka da lensi mai faɗi sosai a miƙe, a yanke ƙasa. Layuka za su tsaya daidai kamar na gusawa, don lissafin ɗaya ne. Kuɗinsa fiksel ne. Don samun abin da 24mm ke bayarwa a cikakkiyar gusawa, sai an ɗauka da 12mm a riƙe rabin tsayi da rabin faɗi, wato rubu'in hoton. Megafiksel 60 ya koma 15.

Gusawar ma tana da iyakar da ba ta gilashi ba ce. A 17mm, kyamara a tsaye, an gusa har ƙarshe, saman hoto yana kallon sama da kusan digiri 60. Abu mai siffar ƙwallo a wannan wuri, kamar fitila ko ƙubba, tsawonsa zai ninka faɗinsa kusan sau biyu. Layuka sun miƙe, amma ginin ya yi kai babba, har mai kallo ya ji kamar saman yana buɗewa ne ya rufto masa. Shi ya sa wasu ƙwararru, in gini ya yi tsawo ƙwarai, sukan rage gusawar su ɗan ɗaga kyamara, su bar 'yar tsukewa kaɗan da gangan. Wanda kuma ya samu damar ja da baya mita 10, ko hawa bene na biyu a ginin da ke fuskantar nasa, 24mm da gusawar milimita 6 zai ba shi hoton da 17mm ba zai ba shi daga bakin titi ba.